Tsinin Allurar Klava

Duk wanda ya zauna a bene mai lamba tara na Titin Masaƙa kafin shekarar 2003 ya ci burodin kabejin Klavdiya Yegorovna. Sau ɗaya take gasa shi a shekara, ranar sha biyu ga Afrilu, ranar da ake tunawa da Yuri Gagarin, mutum na farko da ya fita daga duniyar nan ya zagaye ta ya komo da ransa. Ta kan jera burodin a faranti ta ajiye a kan tagar matakala, tsakanin hawa na huɗu da na biyar, mai hawa ya ɗauka, mai sauka ya ɗauka. In an tambaye ta ko ta san mutumin ne, sai ta ce, "Ina ni ina shi? A jarida na gan shi kamar kowa. Ɗauki biyu, ka rame." Gaskiya ta faɗa, ba ta taɓa ganinsa ido da ido ba. Sai dai akwai wani zance da ba ta buɗe baki a kansa ba sai da tsufa ya yi nisa.

An haifi Klava, kamar yadda na gida da abokan aiki ke kiranta, a shekarar 1924 a wani ƙauye na ƙasar Riyazan. Tana da shekara goma sha bakwai yaƙi ya ɓarke, aka tattara 'yan matan ƙauyuka aka zaunar da su gaban keken ɗinki suna yi wa sojoji rigunan sanyi masu cushen auduga. A nan hannunta ya faɗa. Da aka gama yaƙi sai aka tsamo waɗanda ba a taɓa dawo musu da ɗinki ba, aka kawo su garinmu, wata ma'aikata da ba ta da suna a bakin ƙofa sai lambar akwatin gidan waya. Don haka kowa "Akwati" yake ce mata. In mace ta ce a Akwati take aiki, ba a ƙara tambayarta komai, sai a koma zancen sanyi.

Laimar sauka suke ɗinkawa, irin wadda matuƙin jirgin sama ke durowa da ita in jirgi ya ƙi. Kowace ta sa hannu a takarda cewa ba za ta faɗa wa kowa ba, ko da mijinta ne. Mijin Klava, Matvei, da ɗingishi ya dawo daga yaƙi, ya sami aikin zuba kwal a tukunyar gidan wankan gari. Da ya matsa mata da tambaya farkon aurensu, sai ta ce masa kayan ciki suke ɗinka wa sojoji. Ya yarda, ya kuma sami abin tsokana na shekaru.

Yadin laima siriri ne ƙwarai, kaushin yatsa kaɗan ya isa ya ja zare. Kowace safiya shugabar ɗinki, Zinaida Pavlovna, kan bi layi tana duba tafin hannu da farce kamar malamar firamare. Saboda haka Klava ba ta fere dankali, ba ta wankin soda, ba ta faskare. Matvei ke yi. Ya kan tsaya a kicin cikin matan maƙwabta da wuƙa a hannu, suna yi masa dariya, yana cewa, "Ku yi dariyarku. Matata kamfan janar-janar take ɗinkawa, su kuwa fatarsu ba ta son kaushi."

A lokacin suna zaune a wani dogon gidan katako da aka gina tun kafin yaƙi, ɗaki ashirin da biyu, kicin ɗaya, famfo ɗaya a waje wanda ke daskarewa tun daga Nuwamba. Ɗakinsu taku biyar ne a tsawo, huɗu a faɗi, su kuma su huɗu ne a ciki: Klava da Matvei, da 'yarsu Lida, da mahaifiyar Matvei, tsohuwa Frosya, wadda gadonta ke bayan kabad. A ƙarshen 1960 aka gama wani sabon bene, aka ware wa ma'aikatan Akwati gidaje goma sha biyu a ciki, kowanne da ɗaki biyu da kicin da banɗakinsa. Klava ce ta uku a jerin sunaye, bayan shekara goma sha ɗaya tana jira. Sharaɗi ɗaya ne kawai, kada mutum ya sami takardar gargaɗi a cikin shekarar. An ce ranar Litinin, sha tara ga Disamba, za a kafe sunayen ƙarshe a allon sanarwa.

A ɗakin ɗinki akwai doka game da allura. In ta karye, mai ɗinki ta tsayar da keke ta ɗaga hannu, ta tsinto gutsattsarin duka ta jera su a kan farar takarda. Shugaba ta zo ta haɗa su ta ga allurar ta cika daga gindi har tsini, ta manne su da gam, ta sa hannu, sannan a ba da sabuwa. In ko ɗan mitsitsi ya ɓace, sai an warware aikin an nemo shi. Dalilin a fili yake. Laima a ninke take zama cikin jaka, a danne, wata da watanni, kuma ɗan ƙarfe mai kaifi a cikin ninki yana iya cin zare a hankali har ranar da za a buɗe ta a sama.

Ranar Alhamis, sha biyar ga wata, saura minti goma a tashi, allurar Klava ta karye a kan ɗinkin ƙarshe na wata babbar laima mai ruwan lemo. Wannan aiki daban yake da saura, don sau biyu wasu maza masu fararen kaya suka zo daga Masko suka tsaya a kansa suna magana ƙasa-ƙasa. Ta ɗaga hannu, ta tsinto guntu uku ta jera. Zinaida Pavlovna ta iso da mura, idonta na ruwa, ana kuma kiranta a waya daga ofis. Ta duƙa ta kalla, ta manne, ta sa hannu, ta miƙo sabuwar allura ta wuce.

Klava kuwa ta gani. Can ƙarshe, gaba da ƙofar zare, tsinin babu. Bai kai ƙwayar gero ba. Ta laluba ƙarƙashin keke, ta kakkaɓe cinyarta, ta shafa ɗinkin da yatsa, ba ta ji komai ba. Ta ɗaga kai za ta yi magana, sai allon sanarwa ya faɗo mata a rai. Ta ƙarasa ɗinkin. Aka ninke laimar aka buga mata hatimi, da nufin mota ta zo ta ɗauka ranar Asabar da safe.

Da ta isa gida ta tarar da Matvei durƙushe a ƙasa da wata igiya mai ƙulli-ƙulli. Ya lallaɓa mai gadin sabon benen ya bar shi ya shiga, ya auno ɗakunan.

"Uwar Lida, zo ki gani. Daga nan zuwa nan, ɗakin Inna da Lida ke nan, har da sauran wurin tebur. Kabad ɗin nan kuwa zai koma aikinsa na kabad, ya huta da zama bango."

"Matvei," in ji tsohuwa Frosya daga bakin gadonta, "wai da gaske ruwan zafi daga bango yake fitowa?"

"Da idona na ga famfon, Inna. Na hagu zafi, na dama sanyi."

"Wa ke hura wutar?"

"Wani wawa irina, can a ƙasa."

Lida ta yi dariya har ta ƙware. Klava ta zauna gaban miyar kabejinta tana juya cokali. Tsohuwar ta dube ta ta ce, "'Yar nan, ba ki da lafiya ne?" Ta ce gajiya ce. Ba ta san wanda zai goya laimar nan ba, ba a faɗa musu irin wannan. Ta dai san nauyin namiji, don ta sha tallafar Matvei a kan ƙanƙara, ta kuma san kaurin zaren da ta yi ɗinkin da shi.

Washegari tun ba a kunna kekuna ba ta ƙwanƙwasa ƙofar shugaba.

"Zinaida Pavlovna, allurar jiya ba ta cika ba."

"Ta cika. Ni na duba, na sa hannu."

"Tsinin babu."

Zinaida ta tashi ta rufe ƙofa. Ta jawo aljihun tebur ta fito da takardar, ta goge tabarau, ta kai ta bakin taga. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya sani?"

"Ni."

"Sai wa?"

"Yanzu sai ke."

"Klava, ke yarinya ce? Ranar Litinin za a kafe sunaye, ke ce ta uku. Na shiga ɗakinku, na ga inda tsohuwar nan ke kwana. Abin da ido da ƙyar yake gani, wataƙila ma mai shara ta kwashe shi tun jiya."

"Wataƙila."

"To?"

"To wataƙila kuma yana ciki. Ɗan wani ne zai rataya a jikinta."

Zinaida ta fyace hanci, ta koma ta zauna. "Ni ma sai an ba ni tawa takardar, kin sani."

"Na sani. Ki yafe ni."

"Je ki ce a share dogon tebur. Kuma ki yi nesa da Nyura, yau ɗanya za ta cinye ki."

Nyura ita ce mai keken da ke kusa da na Klava, ƙatuwar mace mai murya kamar ta mai tallan kifi. Ta shirya ranar Asabar da an tashi ta hau jirgin ƙasa zuwa Masko ta yi layin lemon sabuwar shekara. Aka fasa hatimi, aka warware laimar a kan dogon tebur, mata goma sha huɗu suka jeru gefe da gefe, kowace da maganaɗisu a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana shafa yadi. Taƙi ɗaya bayan taƙi suke bi, in an gama wuri a yi masa alama da farin zare. Yinin Juma'a gaba ɗaya ya tafi a haka. Mota ta zo ranar Asabar da safe, aka sallame ta wayam.

"Waliyyiya Klavdiya," in ji Nyura tana shafa yadi ba ta ko ɗago ba, "in an zana hotonki a coci, me za a sa miki a hannu, allura ko lemona da na rasa?"

"Ki yi haƙuri, Nyura."

"Haƙurin zan ɓare wa yara ranar sabuwar shekara? Ki ba ni kwano biyu."

Sauran suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi tsawo ba, don bayan kowa ya ƙage. Ba wadda ta ce a bari. Kowace ta san abin da take nema da dalilin nemansa.

Da tsakar ranar Asabar suka zauna cin burodi da shayi kusa da bututun ɗumama ɗaki, suka tuɓe takalman ulu da ake sawa a ɗakin ɗinki suna gasa ƙafa. Nyura ta ɗauki maganaɗisunta ta kai kan Klava tana zagayawa. "Bari in duba ko a nan ƙarfen ya shige, don wannan taurin kai ba na banza ba ne." Ta gangaro da shi kafaɗa, ta bi gwiwa, ta ɗauki takalmin Klava ta goga a ƙasansa. Ta ɗago shi ta duba. Ga ɗan abu tsaye a bakin maganaɗisun yana ƙyalli.

Aka kai shi kan farar takarda. Ya zauna daram a ƙarshen allurar. Ashe tun ranar Alhamis a tafin takalminta yake, ta yi ta taka shi tana nemansa a tebur. Bai taɓa shiga laimar ba.

Wannan bai hana komai ba. An rubuta cewa ta ga allura ba ta cika ba ranar Alhamis ta yi shiru har Juma'a, kuma an jinkirta kaya. Aka ba ta takardar gargaɗi, aka ba Zinaida tata. Ranar Litinin aka kafe sunaye goma sha biyu, babu nata.

Da yamma ta faɗa wa Matvei, gwargwadon abin da aka yarda ta faɗa.

"Allura?" in ji shi.

"Allura."

"Ta soki wani?"

"Ba ta soki kowa ba. A takalmina aka same ta."

"Tsaya in gane. Ba wanda ya gani, ke kika kai kanki. Aka duba, ba ta ma cikin kamfan. Gida kuma ya tafi."

"Haka ne."

"Ko da tana ciki fa, Klava? Soja ya zauna ya ji tsini, ya miƙe ya sosa, ya koma ya zauna. Mu da muka yi shekara huɗu a rami muna kiwon ƙwarƙwata, wa ya tsayar da mota dominmu?"

Ta tsaya tana kallon hannuwanta.

"Rabu da ita, Matvei," in ji tsohuwar. "Ruwan sanyi bai kashe ni a shekara saba'in ba, ba yanzu zai fara ba." Ta faɗi haka, amma Klava ta gan ta tana ninke tawul ɗin da ta yi wa ado da jan zare domin sabon gida, ta mai da shi ƙasan akwati.

Kwana tara Matvei bai yi wa matarsa magana kai tsaye ba. A ɗaki mai taku biyar wannan aiki ne babba, amma ya iya. "Inna, ki gaya wa surukarki gishiri ya ƙare." "Inna, ki tambaye ta ina ta sa safata." Tsohuwar ta gaji ta ce ita ba gidan waya ba ce. Duk da haka ko rana ɗaya bai bar Klava ta taɓa wuƙar dankali ba. Ya kan fere shi yana huci, ɓawon yana fita da kauri.

Sanyi ya wuce. A shekarar 1961 Ista, bikin Kirista, ta faɗo ranar tara ga Afrilu, kuma ran Laraba, sha biyu ga wata, akwai sauran ƙwai biyu da tsohuwa Frosya ta rina da ɓawon albasa domin bikin a kwano. Ƙarfe goma da 'yan mintoci na safe lasifikar da ke bangon ɗakin ɗinki ta katse kiɗa. Aka ce wani ɗan ƙasarmu yana cikin kumbo a sararin samaniya, yana zagaya duniya a wannan lokaci da ake magana. Kekuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Zinaida Pavlovna ta fito daga ofis ta ce, "A koma aiki, 'yan mata," sannan ita ma ta jingina da bango ta tsaya.

Klava ta ji ana ta maimaita sunansa da muƙaminsa, ita kuwa abu ɗaya ke kanta, wanda ya hau dole ya sauko. Ta saci kallon Nyura, ta ga Nyura ma ita take kallo. Su biyun laima mai ruwan lemo ce a ransu. Da aka sanar cewa ya sauka lafiya, Nyura ta rungume ta har ƙashinta ya yi ƙara, ta raɗa mata a kunne, "Har yanzu dai ban yafe lemon ba."

A titi kuwa gari ya fashe. 'Yan makaranta sun bar aji, direban bas ya tsaya a tsakiyar hanya yana sumbatar fasinjoji. A gidan wanka maza suka fito bakin ƙofa ɗaure da zannuwa, tururi na tashi daga kansu, Matvei a tsakiyarsu da shebur. Tsohuwa Frosya ta saurari labarin a kicin har ƙarshe, ta yi alamar gicciye, ta tambaya ko uwarsa na da rai. Aka ce tana nan. Ta ce, "Kaico, baiwar Allah. Ko sun gaya mata kafin ya tafi?" Aka ce shekararsa ashirin da bakwai, mahaifinsa kafinta ne. Ta ce to ai yaro ne, Allah ya sa dai sun ba shi rigar kirki, don ita ta san can sama ya fi nan sanyi.

A watan Agusta mutum na biyu ya tafi, ya yi yini da kwana a sama. Bayan 'yan kwanaki Matvei na zaune bakin taga da yamma yana karanta musu jarida da ƙarfi, kamar yadda ya saba, Klava na yanka burodi. Ya kai inda aka ce da aka kusa ƙasa mutumin ya fita daga kumbon ya sauko da laima. Ya karanta layin, ya sake karanta shi a hankali. Sannan ya sauke jaridar ya tsura wa hannuwan matarsa ido, hannuwan da shekara goma sha uku yake fere dankali dominsu.

"Uwar Lida."

"Na'am."

"Kamfan nan naku na sojoji, faɗinsa ya kai nawa?"

"Sha shayinka, zai huce."

"Ya kai ya rufe rufin gidan nan?"

"Matvei, na sa hannu a takarda."

"Ai ban tambaye ki komai ba. Zancen kamfai nake yi." Ya ninke jaridar gida huɗu ya sa a aljihu. Ya miƙe, ya ɗingisa ya zo ya karɓe wuƙar daga hannunta. "Kawo. Burodin ma daga yau ni zan riƙa yankawa."

Bai ƙara tayar da zancen ba har ya mutu, kuma daga ranar bai ƙara tsokanar kamfan janar-janar a kicin ba. Matan gidan suka yi ta jan shi, ya ce ya tsufa da wasa.

Ko laimar nan ta je sama, Klava ba ta taɓa sani ba. Da ta tsufa har ta fara ba da labarin, matasa kan so ta ce ita ce ta sauko da Gagarin. Ba ta yarda. "Ma'aikata irin tamu ba ɗaya ba ce," in ji ta. "Wataƙila buhun yashi aka jefo da tawa don gwaji. Ni dai na san babu allura a ciki." In aka tambaye ta ko ta yi nadama, sai ta kawo zancen uwar mijinta. Tsohuwa Frosya ta rasu a Fabrairun 1965, a gadonta na bayan kabad. Wannan ne ya tsaya wa Klava a rai. Ta kan ce da za a mai da ita ranar Alhamis ɗin nan, a take za ta yi magana, ba za ta kai Juma'a ba, don shirun da ta yi ne ya jawo takardar, ba allurar ba.

Sunanta ya sake hawowa a hankali, kamar yadda jeri ke tafiya a wancan zamani. A watan Oktoba na 1967 aka ba ta makullin gida mai lamba goma sha takwas, hawa na biyar, a benen nan na Titin Masaƙa. Lida ta riga ta tafi karatun aikin jinya a wani gari, don haka su biyu suka tare. A al'adarmu ba a shiga sabon gida sai kyanwa ta fara shiga, kuma inda ta kwanta nan ake sa gado. Su ba su da kyanwa, sai Nyura ta kawo tata a cikin jakar cefane, wata jibgegiya mai ruwan toka. Matvei ya hau matakala tamanin da katifa a baya, yana tsayawa a kowane hawa yana zagin wanda ya zana benen. Klava ta buɗe ƙofa, ƙanshin sabon fenti ya bugo su, aka sauke kyanwa a bakin ƙofa.

Kyanwar ta leƙa ciki, ta zauna, ta shiga lasar ƙafarta.

"Ɗan taɓa ta da ƙafa mana, Matvei," in ji Nyura. "Ina da wanki a gida."

"Ba a turawa," in ji Klava.

"Ke dai komai sai kin bi doka. Haka za mu yini?"

Matvei ya jingine katifar, ta zame ta kwanta a bakin matakala. Ya zauna a kai ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya bubbuga gefensa. "Zo ki zauna, uwar Lida. Kusan shekara bakwai muka jira, kyanwa ba za ta gajiyar da mu ba."

Ta zauna. Nyura ma ta yi tsaki ta zauna. Su uku a kan katifa suna kallon gidan ta buɗaɗɗiyar ƙofa, rana ta shimfiɗu a kan sabon daɓe, babu ko kujera a ciki. Minti ashirin da biyar suka yi, Matvei ya duba agogo. Sannan kyanwar ta miƙe ta yi miƙa, ta shiga kamar gidan ubanta. Suka bi ta a baya da sanɗa. Ta wuce babban ɗaki ba ta ko kalle shi ba, ta wuce ƙaramin, ta shiga banɗaki, ta yi tsalle ta faɗa cikin bahon wanka ta naɗe.

Matvei ya tsaya yana kallonta, ya sosa ƙeya. "To, Klava, ke ce mai doka. Kama min katifar, mu ga ko za ta shiga."

Klava ta zauna a bakin bahon tana dariya har sai da ta share ido da bakin ɗankwalinta.